Taswirar Mota da ta Waya: Yadda Ake Sabunta Ta da Gyara Bayanan Wuraren Sana'a, da Misali daga Unguwar Hubbare

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin baƙin da suke shigowa birnin Sakkwato da mota ba su cika tsayawa a bakin hanya su nemi kwatance ba kamar yadda aka saba a da. Direba yakan rubuta sunan wurin da yake nema a wayarsa ko a allon da ke gaban motarsa, sai na'ura ta zana masa hanya, wata murya kuma ta riƙa gaya masa inda zai karya kwana. Da wannan taswira ce baƙo yake neman gidan mai, da masauki, da kantin magani, da asibiti, da bakanike idan mota ta ba shi matsala.

Sai dai na'urar ba ta san komai ba face abin da aka zuba mata. Idan bayanin da ke cikinta ya tsufa, ko kuma tun farko an shigar da shi ba daidai ba, to za ta ɓatar da mai binta, shi kuwa yana sakankance cewa yana kan hanya. Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da jama'a, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi, yadda wannan taswira take aiki, da dalilan da suke sa ta yi kuskure, da kuma abin da kowa zai iya yi domin gyara. An ɗauki unguwar Hubbare a matsayin misali, kasancewarta wurin da baƙi daga ciki da wajen ƙasar nan suke nema a kowane lokaci na shekara.

Yadda na'urar take aiki

Abubuwa biyu ne suke haɗuwa kafin na'ura ta nuna hanya, kuma ya kamata a bambance su.

Na farko shi ne sanin inda mutum yake tsaye. Wannan aikin taurarin ɗan'adam ne na tsarin da ake kira GPS, mallakar gwamnatin Amurka. An harba tauraro na farko a shekarar 1978, tsarin kuma ya kammala a shekarar 1995 da taurari 24, suna kewaya duniya daga nisan kimanin kilomita 20,200. Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da kuma matsayinsa a sararin sama. Idan waya ta kama saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa wurin da take. Tun daga watan Mayun 2000, lokacin da Amurka ta daina rage ingancin saƙon da farar hula suke samu, na'urorin jama'a suka fara nuna wuri da ƙaramin kuskure, wanda a fili mara shinge ba ya cika wuce mita 5 a wayoyin zamani. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma suna da irin nasu taurarin, wayoyi da yawa kuma suna amfani da su a haɗe. Kama wannan saƙo kyauta ne, ba ya bukatar kati ko data.

Na biyu shi ne taswirar kanta, wato zanen hanyoyi da sunayen garuruwa da jerin wuraren sana'a. Wannan ba daga sama yake saukowa ba, mutane ne suke tattara shi su adana a kwamfuta. Saboda haka tauraro yana iya faɗin gaskiya game da inda mota take, amma taswirar ta yi ƙarya game da abin da ke wurin. Mafi yawan ɓatan da direbobi suke yi daga wannan ɓangare na biyu yake fitowa.

Daga ina bayanan suke fitowa?

Kamfanoni kaɗan ne suke riƙe da manyan taswirorin duniya. Akwai Google Maps, wadda aka fara a shekarar 2005, ita ce kuma ta fi yawa a wayoyin jama'armu. Akwai HERE da TomTom, waɗanda yawancin masu ƙera motoci suke sayen taswira a wurinsu. Akwai kuma OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a shekarar 2004, 'yan sa kai ne suke zana ta, kuma kowa yana iya amfani da ita kyauta.

Waɗannan taswirori suna samun zanen hanyoyi daga hotunan tauraron ɗan'adam, da bayanan hukumomin safiyo, da sawun wayoyin da suke bin hanya. Hoto daga sama yana nuna titi da rufin gini, amma ba ya nuna sunan titin, ba ya kuma bambance shagon tela da kantin magani. Sunaye, da lambobin waya, da lokutan buɗewa da rufewa, duk sai wani ya shigar da su da hannunsa: ko mai sana'ar, ko abokin ciniki, ko wani mai wucewa. A manyan biranen da masu gyara suke da yawa, kuskure ba ya daɗewa. A ƙauyen da babu wanda ya taɓa dubawa kuwa, kuskure ɗaya yana iya yin shekaru yana nan.

Hubbare a matsayin misali

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya taso daga Sifawa ya zauna a birnin a shekarar 1815, ya rasu a 1817, aka kuma rufe shi a gidansa. Wannan wuri shi ne Hubbaren Shehu, a cikin Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Arewa, kusa da Masallacin Shehu. A nan ne kuma makwancin 'yarsa Nana Asma'u yake, tare da wasu daga cikin iyalansa da Sarakunan Musulmi. Masu ziyara, da ɗaliban makarantu, da masu binciken tarihi suna zuwa daga jihohi daban-daban da kuma ƙasashe maƙwabta irin su Nijar.

Wannan unguwa ta tattara kusan dukkan matsalolin da taswirar zamani take fuskanta a ƙasarmu.

Matsala ta farko ita ce suna ɗaya ga wurare da yawa. Kalmar hubbare ba ta keɓanta da wuri guda ba. Akwai Hubbaren Sarkin Musulmi Bello a Wurno, inda ya rasu a shekarar 1837, akwai kuma Hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, cikin Jihar Kabi. Baƙon da ya rubuta kalmar ita kaɗai, ya danna abin da ya fara fitowa ba tare da dubawa ba, yana iya kama hanyar wani gari. Haka nan akwai unguwar Sabon Birni a cikin garin Sakkwato, akwai kuma Ƙaramar Hukumar Sabon Birni can gabashin jiha. Akwai Illela tamu ta bakin iyaka, akwai wata Illela a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, amma a rubutun boko harafi ɗaya ne ya raba ta da sunan jihar da ke maƙwabtaka da mu. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa, ba su ƙidayuwa.

Matsala ta biyu ita ce bambancin rubutu. Wani ya rubuta Sakkwato, wani Sokoto. Wani Wamakko, wani Wamako. Wani Tambuwal, wani Tambawal. Sunan Shehu kansa ana rubuta shi ta fuskoki da dama: Ɗanfodiyo, Dan Fodio, Bin Fodiyo. Wannan ba sabon abu ba ne. Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila da ya zo Sakkwato a shekarar 1824, Sackatoo ya rubuta sunan garin. Abin sha'awa shi ne, a wannan ziyara Sarkin Musulmi Bello ya ba shi taswirar ƙasashen wannan yanki, wadda aka buga a Landan a shekarar 1826. Ke nan zana ƙasa da sanin hanyoyinta ba baƙon ilimi ba ne a wannan gari. Illa dai a yau, idan mutane uku suka shigar da wuri ɗaya da rubutu iri uku, sai taswira ta ɗauka wurare uku ne, kowanne da alamarsa a wani lungu dabam.

Matsala ta uku ita ce yanayin tsohon gari. Unguwannin da ke cikin tsohuwar ganuwa, tsakanin ƙofofi irin su Ƙofar Rini, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Kade, da Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Atiku, suna da lunguna masu ƙunci da gidaje a manne da juna. Katanga takan tare saƙon tauraro ko ta karkatar da shi, kuskuren mita 20 kuwa ya isa ya mayar da alamar shago zuwa lungun da ke bayansa. Bugu da ƙari, taswira tana iya ɗaukar lungun da babur kaɗai yake bi a matsayin titin mota, sai a wayi gari motar ɗalibai ko ta kaya ta kutsa inda ba za ta iya juyawa ba. Haka kuma ba ta san cewa ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da manyan masallatai sukan cika da masallata ba.

Matsala ta huɗu ita ce yadda muke kwatance. Bahaushe yakan ce bayan masallaci, ko daura da gidan mai unguwa, ko kusa da rijiya. Wannan ya wadatar ga ɗan gari da ɗan kabu-kabu, amma na'ura ba ta gane shi sai an haɗa shi da suna tabbatacce da lambobin wuri.

Dalilan da suke sa bayanai su tsufa

Ko da an shigar da bayani daidai, zamani yana canja shi. Tsohuwar taswirar da aka zana kafin shekarar 1991 za ta nuna Birnin Kabi a cikin Jihar Sakkwato, wadda aka zana kafin 1996 kuma za ta nuna Gusau a ciki. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988.

Wuraren kasuwanci sun fi saurin sauyawa. A gyaran bankuna na shekarar 2005, yawansu ya ragu daga 89 zuwa 25, inda sunaye da dama suka ɓace, har da Bankin Arewa da ya shiga cikin Unity Bank. Skye Bank ya koma Polaris Bank a 2018, Diamond Bank ya haɗe da Access Bank a 2019, sa'annan Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024. Gidajen mai na Total sun koma TotalEnergies daga 2021. Duk taswirar da ba a sabunta ba tana iya tura mutum reshen bankin da babu shi.

Masifu ma suna canja fuskar gari a dare ɗaya. Ambaliyar watan Satumbar 2010 ta lalata gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021 ta tilasta wa 'yan kasuwa da yawa neman wani wurin zama. A irin wannan hali, abin da taswira ta sani jiya ba shi ne gaskiyar yau ba. Ƙananan sana'o'i kuwa, irin su mai faci, da mai POS, da mai sayar da abinci, da mai cajin waya, suna tashi daga wannan rumfa zuwa waccan ba tare da kowa ya rubuta ba. A karkara akwai ƙarin abu guda: kasuwanni da yawa na mako-mako ne, kamar kasuwar Illela da take ci ranar Lahadi. Idan ba a rubuta ranar cin kasuwa ba, baƙon ɗan kasuwa yana iya yin doguwar tafiya ya tarar da rumfuna wayam.

Abin da kuskure yake jawowa

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Mai sana'ar da alamarsa ta faɗa wani lungu yana asarar abokan ciniki ba tare da ya sani ba. Motar da ta ɗauko taki ko magani domin wani ƙauye tana iya sauke kaya a wani mai irin sunansa. Iyalin da suka ɗauko mai naƙuda cikin dare, suka bi taswira zuwa asibitin da ya tashi ko wanda ba ya aikin dare, sun yi asarar lokacin da ba ya dawowa. A ƙasar Indiya, a watan Nuwambar 2024, mutane uku sun rasa rayukansu a Jihar Uttar Pradesh lokacin da motarsu ta faɗo daga wata gada da ambaliya ta karya, rahotanni kuma sun nuna cewa taswirar waya suke bi.

Akwai kuma 'yan damfara. Sukan ƙirƙiri shagon da babu shi, ko su sauya lambar wayar wani masauki ko banki da tasu, domin wanda ya kira su nemi ya tura kuɗin kama ɗaki, ko ya faɗa musu lambobin sirrin katinsa. A shekarar 2019 kamfanin Google ya bayyana cewa a shekarar da ta gabace ta ya cire bayanan sana'o'in bogi fiye da miliyan 3. Ya kamata jama'a su sani cewa ganin lamba a taswira ba shaida ce ta sahihancinta ba, kuma babu bankin da yake tambayar lambar sirri ta waya.

Sabunta taswirar mota da ta waya

Mafi yawan motocin da suke hannun jama'armu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai, ko Amurka, ko Japan. Taswirar da ke cikin allonsu ta ƙasar da aka fara sayar da su ce, tana ajiye a faifai, ko a ɗan ƙaramin kati, ko a cikin na'urar kanta. Shi ya sa wasu direbobi suke ganin alamar motarsu tana tafiya a fili babu titi ko ɗaya. Kafin mutum ya kashe kuɗi, ya fara duba abubuwa biyu a sashen saiti: yankin duniyar da taswirar ta ƙunsa, da shekarar da aka fitar da ita. Idan babu Nijeriya a ciki, sabunta ta ba zai ƙara komai ba. Idan akwai, to a nemi sabuwar daga wakilin kamfanin motar ko shafinsa na intanet, a guji katunan satar fasaha da ba a san shekararsu ba. A yi aikin mota tana tsaye a fili, inji yana kunne, kada a kashe sai an kammala, domin katsewar wuta a tsakiyar aiki tana iya lalata na'urar.

Ga mafi yawan direbobi, hanya mafi sauƙi ita ce taswirar waya, wadda take sabunta kanta duk lokacin da akwai intanet. Motocin da suke da Android Auto ko Apple CarPlay suna iya nuna ta a allonsu. Wanda zai shiga yankin da sabis ba shi da ƙarfi, ya sauke taswirar yankin a wayarsa tun yana cikin gari, domin ta yi masa aiki ko babu data. Sai dai ita ma wadda aka sauke tana tsufa, saboda haka a riƙa sabunta ta kafin kowace doguwar tafiya.

Yadda mai sana'a zai shigar da wurinsa ko ya gyara shi

Shigar da wurin sana'a a Google Maps kyauta ne. Ana iya neman taimakon ɗa ko ƙane mai ilimin waya, amma a bi waɗannan matakai:

1. A fara bincika ko wurin yana ciki. Idan yana nan, gyara shi za a yi, kada a ƙirƙiri na biyu.

2. A tsaya a bakin ƙofar shagon, a waje ba a ƙarƙashin rufin kwano ba, a jira ɗan lokaci har alamar waya ta daidaita. Sa'annan a duba hoton sama a tabbatar alamar tana kan ginin da ake nufi, kuma ta gefen da ƙofa take.

3. A rubuta suna daidai da wanda ke jikin allon shagon. A zaɓi nau'in sana'a na gaskiya. Kantin sayar da magani kada ya kira kansa asibiti.

4. A cikin adireshi a haɗa da unguwa, da gari, da ƙaramar hukuma, misali Hubbare, Sakkwato ta Arewa.

5. A saka lambar wayar da ake ɗauka, da lokutan aiki na gaskiya, har da rufewar ranar Juma'a da sauyin watan azumi.

6. A ɗauki hoton gaban shagon da rana yadda allonsa zai fito, ba tare da fuskokin mutanen da ba su yarda ba.

7. Mai wurin ya nemi mallakar bayanin ta hanyar tsarin Google Business Profile. Kamfanin yakan tantance ta saƙon waya, ko ɗan gajeren bidiyo, ko wata hanya. Wannan yana ba mai shago ikon ganin sauyin da wani ya nemi yi, ya kuma gyara.

8. Ranar da aka tashi ko aka rufe sana'ar, a koma a sanar.

Duk wanda ya ga kuskure a wurin da ba nasa ba, yana iya danna wurin ya tura shawarar gyara. Ba a nan take ake amincewa ba, sai an duba, kuma gyaran da aka haɗa da hoto ya fi saurin karɓuwa.

Sanin lambobin wuri

Idan aka danna wani wuri a taswira aka riƙe, lambobi biyu za su fito. Ta farko tana nuna nisa daga tsakiyar duniya zuwa arewa, ta biyu kuma zuwa gabas. A birnin Sakkwato, ta farko tana farawa da 13.0, ta biyu da 5.2. Digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne, don haka kuskure ɗaya a lamba ta uku bayan ɗigo yana gusar da wuri da fiye da mita 100. A kwafi aƙalla lambobi biyar bayan ɗigo. Kada kuma a juya su, domin idan aka sa 5.2 a farko, 13.0 a ƙarshe, alamar za ta faɗa cikin ƙasar Kamaru. Ga rugar da ba ta da sunan titi ko lambar gida, waɗannan lambobi su ne adireshinta.

Nauyin da ke kan ƙananan hukumomi da sarakuna

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin sanya wa hanyoyi da tituna suna, da ba gidaje lamba. Ya kuma ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido a kan shaguna, da gidajen abinci, da gidajen burodi. Ma'ana, bayanan da taswira take bukata suna nan a ofisoshin ƙananan hukumomi 23 na wannan jiha, a cikin rajistar haraji da ta lasisi. Abin da ya rage shi ne a tsara su. Ana ba da shawarar waɗannan matakai:

1. Kowace ƙaramar hukuma ta tsayar da rubutu guda ga sunan kowane gari, da ƙauye, da unguwa, bayan tuntuɓar uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, waɗanda su ne suka san asalin sunaye da iyakoki. A rubuta sauran sunayen da aka san wurin da su a gefe.

2. A kafa alluna a bakin tituna, domin abin da ke ƙasa ya dace da abin da ke waya.

3. A fara da wuraren da rai ya dogara da su: asibitoci da ɗakunan shan magani, da ofisoshin 'yan sanda, da na kashe gobara, da makarantu, da tashoshin mota, da kasuwanni tare da ranakun cinsu.

4. A wakilta jami'i guda, daga sashen ayyuka ko na yaɗa labarai, wanda zai riƙa duba waɗannan wurare a taswira aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

5. Idan gada ta karye ko an rufe hanya, a kafa shinge da alama a wurin tun farko, sa'annan a sanar ta rediyo, a kuma tura gyara a taswira.

6. Kada a saka gidan wani ko lambar wayarsa ba da izininsa ba, kada kuma a bayyana wuraren da jami'an tsaro suka hana.

Darasi daga yaƙi da shan inna

Amfanin wannan aiki ya riga ya bayyana a ƙasarmu. A da, masu allurar rigakafin shan inna suna amfani ne da taswirar da aka zana da hannu, wadda takan tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage. Daga wajajen shekarar 2012 aka fara zana taswirar matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, har da Sakkwato, aka tura mutane suka tattaro sunayensu daga bakin mazauna, aka kuma ba ma'aikata wayoyin da suke nuna inda suka taka. Ta haka aka gano wuraren da ake tsallakewa, aka kai ga yaran da ke cikinsu. Wannan yana daga cikin matakan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, ranar 25 ga Agustan 2020, cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Ƙauyen da ba ya cikin taswira yana da sauƙin mantawa a ranar rabon rigakafi, ko taki, ko kayan agaji.

Jan hankali ga direbobi

Taswira takan zaɓi hanya mafi gajarta ko mafi sauri, amma ba ta san halin tsaro ba, ba ta kuma san rafin da ya kawo ruwa a daren jiya ba. Duk mai niyyar shiga yankin da bai sani ba, musamman wuraren da suke fama da matsalar 'yan bindiga, ya tambayi shugabannin direbobi a tasha da jami'an tsaro kafin ya tashi, ya kuma guji ratse da tafiyar dare. A saita wurin zuwa kafin a tayar da mota, a duba sunan ƙaramar hukuma da nisan tafiyar, kada a riƙa latsa waya ana tuƙi. Idan abin da ido ya gani ya saɓa wa abin da na'ura take faɗa, to a bi ido. Mai zuwa ziyara Hubbare da babbar mota ya fi dacewa ya tsaya a babban titi, ya tambayi mutanen unguwa inda ake ajiye mota, ya ƙarasa da ƙafa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.

Kammalawa

Taswirar zamani kamar rajistar gari ce da kowa yake da damar rubutu a ciki. Ingancinta a unguwar Hubbare, ko a Gada, ko a Tureta, ya dogara ne da yadda mutanen wurin suka kula da ita, domin babu wani ma'aikacin kamfani a wata ƙasa da ya san lungunanmu fiye da mu. Ana kira ga masu sana'a su duba yadda wurarensu suka fito, matasa masu ilimin waya su taimaka wa iyayensu da maƙwabtansu, jami'an ƙananan hukumomi kuma su ɗauki sanya sunayen tituna da tsara bayanai a matsayin aikin da doka ta ɗora musu. Su kuma matafiya su tuna da maganar magabata cewa matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.